Yadda za ka auna maganar masu cewa juyin halitta ne ya kawo arzikin ƙasashe

Akwai wata muhawara da ba ta taɓa ƙarewa, wai me ya sa wasu ƙasashe suka yi arziki wasu kuma har yau ana nan ana fama, wani ya ce ai abin a jini yake, wani ya ce mulkin mallaka ne, wani ya ce shugabanni, a yi ta kai ruwa rana a tashi baram-baram. To su ma masana tattalin arziki suna da tasu irin wannan rigimar, kuma akwai wani ɓangare cikinsu da suka aro tunanin juyin halitta, wato yadda halittu ke sauya kama a hankali daga zuriya zuwa zuriya, suna bayanin bunƙasar arziki da shi. Wasu bayanan nasu masu kyau ne sosai, wasu kuma shaci-faɗi ne aka sa masa rigar lissafi. Abin da zan nuna maka shi ne yadda ni nake bi in rarrabe su, ba sai kana da digiri ba, takarda da biro da ɗan haƙuri sun ishe ka.

Ka fara da sanin abin da ake so a bayyana, don mutane da yawa nan suke yin tuntuɓe. Tambayar guda biyu ce aka cakuɗa. Ta farko, me ya sa ɗan Adam ya shafe dubban shekaru abin da mutum ɗaya yake samu kusan yana tsaye wuri guda, sai wajajen 1800 abin ya tashi sama kamar an kunna masa wuta. Ta biyu, me ya sa a wasu wurare ya fara tashi, wasu aka bar su a baya. Bayanin da ya amsa ta farko ba lallai ya amsa ta biyu ba, don haka duk wanda ya zo maka da bayani ka tambaye shi wacce daga ciki yake amsawa.

Wancan dogon zaman wuri ɗaya, Thomas Malthus ne ya fi kowa shahara da bayaninsa a 1798. Cewa ya yi duk lokacin da aka samu ɗan ci gaba, sabuwar dabarar noma ko sabon fili, sai abinci ya ƙaru, yara su ƙara rayuwa, jama'a su yi yawa, ƙarin ya narke a bakunan da suka ƙaru, a koma gidan jiya. In kana so ka ga abin ido da ido dubi Ingila bayan annobar da ta shiga Turai a 1347, wadda ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutane. Da ma'aikata suka yi ƙaranci sai kuɗin ƙwadago ya haura, har masu gonaki suka rasa yadda za su yi, a 1351 aka kafa doka wai dole lebura ya karɓi ladan da ake biya kafin annoba, dokar ma ba ta hana ladan hawa ba. Leburan Ingila na ƙarni na 15 ya ji daɗin da kakanninsa ba su ji ba, amma da jama'a suka sake yawa a ƙarni na 16 sai darajar ladan ta sake zubewa. Wato mutuwa ce take kawo wa talaka sauƙi, haihuwa ta mayar da shi inda ya fito. Abin tsoro. Yanzu kwatanta da bayan 1800, mutanen duniya sun tashi daga kusan biliyan 1 sun kai biliyan 8 a 2022, kuma duk da wannan yawan abin da matsakaicin mutum yake samu ya ninka sau da yawa. Wannan shi ne abin mamakin da ake neman bayaninsa.

Af, kafin in manta, shi kansa Darwin, wanda ya fi kowa shahara da bayanin juyin halitta, ya faɗa cewa karanta Malthus da ya yi a 1838 ne ya buɗe masa ido, ka ga kenan tun asali daga wajen masu tattalin arziki aka aro tunanin, yanzu kuma sun je sun karɓo kayansu. Kuma ba sai mun shiga rigimar asalin ɗan Adam ba a nan, ba ita ake yi ba. Abin da ake nufi bai wuce abin da duk mai kiwo ya sani ba, in ka riƙa ware masu kyau kana barin su su hayayyafa, bayan wani lokaci garken zai sauya kama.

Ka koyi wani ɗan lissafi da zai yi maka amfani har ƙarshe. Ka raba 70 da adadin bunƙasar shekara, abin da ya fito shi ne shekarun da arziki zai ɗauka kafin ya ninka. In ana ƙaruwa da kashi 0.1 cikin 100 a shekara, sai an shekara 700, babu wanda zai lura a rayuwarsa. In kashi 2 ne, shekara 35, kuma in aka ɗore a haka shekara 200 abin zai ninka kusan sau 50. In kashi 10 ne, shekara 7 kacal.

To yanzu ga gundarin aikin. Duk bayanin da ya kira kansa na juyin halitta dole ya nuna maka abu uku, in ɗaya ya ɓace to tatsuniya ce. Dole a samu bambanci, wato abubuwa iri-iri da ba su yi kama da juna ba. Dole a samu tankaɗe da rairaya, wani abu da yake zubar da wasu ya bar wasu. Sannan dole a samu gado, hanyar da abin da ya tsira zai wuce ga na baya. Ka rubuta ukun nan a takarda ka cike gurbin kowanne da abin da mai bayanin ya faɗa. Kuma a cikin ukun, na ƙarshe ne ya fi muhimmanci, ka matsa masa da tambaya, mene ne takamaimai ake gadon? Domin a nan ne masanan suka rabu gida uku. Wasu sun ce ƙwayoyin halitta ne, abin da ke bin jini. Wasu sun ce al'ada da sani ne, abin da ake koya. Wasu kuma sun ce tsarin aiki ne na kamfanoni da injuna, yadda aka saba yin abu. Ɗan na gada da ɗan na koya kenan, kuma wallahi da yawan masu surutu a kan batun nan sukan fara da ɗaya su ƙare da ɗayan ba tare da sun sani ba, su kawo hujjar koyo su yanke hukuncin jini.

Da ka gane abin da ake gadon, sai ka ɗauko agogo. Wannan shi ne gwajin da na fi so saboda yana da sauƙi kuma ba ya jin kunyar kowa. Daga uba zuwa ɗa ana ɗaukar kamar shekara 25 zuwa 30, mu kira shi hawa ɗaya. Sauyin ƙwayoyin halitta a ɗan Adam gaskiya ne yana faruwa, babu musu. Misali manya su iya shan madara cikinsu bai ɓaci ba, wannan sauyin ya bazu tsakanin makiyayan arewacin Turai da na gabashin Afirka kowannensu ta hanyarsa daban, kuma yana cikin mafi saurin sauyin da aka sani, amma duk da haka dubban shekaru ya ɗauka, hawa sama da 100. Haka ƙwayar sikila da ta yaɗu a wuraren da maleriya ta yi ƙamari, haka jure ƙarancin iska na mutanen Tibet. Yanzu ɗauki China. A 1978 jagoran ƙasar Deng Xiaoping ya fara sassauta tsarin tattalin arziki, ƙasar ta shafe shekara 30 tana bunƙasa da kusan kashi 10 a shekara, Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci cikin shekara 40. Hawa nawa kenan? Ɗaya da ɗan ɗori. Mutanen da suka yi fama da yunwa a ƙarshen shekarun 1950 su ne dai iyayen masu masana'antun yau, jininsu bai sauya ba, doka ce ta sauya. Duk bayanin da injinsa yake buƙatar hawa 100 ba zai iya bayyana abin da ya faru a hawa ɗaya ba.

Kada kuma siffar jiki ta ruɗe ka, tsawon matan Koriya ta Kudu ya ƙaru da kusan santimita 20 cikin shekara 100, abinci da lafiya ne suka yi aikin. Abu zai iya bin dangi kuma yanayi ya juya shi cikin ɗan lokaci.

Bari mu gwada ma'aunin nan a kan wani bayani na gaske, don kada ya zama ina ta faɗa a iska. Gregory Clark, masanin tarihin tattalin arziki, ya zauna ya bi takardun wasiyya sama da 2,000 da mazan Ingila suka bari tsakanin 1585 da 1638. A wasiyya mutum yakan lissafa dukiyarsa ya kuma lissafa 'ya'yansa da ke raye, sai Clark ya jera su ya ga cewa mafi arziki suna barin 'ya'ya kusan ninki biyu na waɗanda mafi talauci suke bari. To tunda arziki a lokacin ba ya ƙaruwa, kujerun sama ba za su ishi 'ya'yan masu kuɗi ba, dole wasunsu su gangaro ƙasa, ɗan babban attajiri ya zama ƙaramin ɗan kasuwa, nasa ɗan ya zama mai sana'ar hannu. A 2007 ya fito da hujjarsa cewa ta wannan hanyar ne halayen masu kuɗi, haƙuri da tanadi da karatu da ƙin rigima, suka gangaro suka game al'ummar Ingila har suka share fagen juyin masana'antu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji shi kenan.

Labarin yana da daɗin ji, kuma aikin tattara wasiyyun aiki ne na a yaba. Amma ɗauko takardarka. Bambanci akwai, tankaɗe akwai, gado fa? Wasiyya ta nuna maka adadin 'ya'ya da adadin dukiya, ba ta nuna maka haƙuri ba, ba ta kuma nuna ta jini ya bi ko ta tarbiyya ba, shi kansa Clark ɗin ya bar ƙofar a buɗe tsakanin biyun. Sannan wa yake rubuta wasiyya? Wanda yake da abin bari. Talaka futuk ba ya cikin lissafin sosai. Sannan tambayar da ta fi cizo, shin a Ingila kaɗai masu kuɗi suka fi talakawa barin 'ya'ya? An ga irin haka a wurare da dama kafin zamanin masana'antu, har da China, to in abin ya zama ruwan dare me ya sa a Ingila injin ya tashi? Ka riƙe wannan dabarar, duk dalilin da aka ba ka ka je ka duba ko akwai shi a inda abin bai faru ba. Robert Allen, wanda ya soki Clark sosai, nasa bayanin ya fi sauƙi, ya ce a Ingila ladan ma'aikaci yana da tsada kwal kuma yana da arha, don haka a can ne kawai ƙera injin da zai ci kwal ya maye gurbin mutum yake da riba.

Akwai kuma Oded Galor da Omer Moav da suka kawo nasu a 2002, su kusan akasin Clark suka bi. Suka ce iyaye iri biyu ne, masu son yawan 'ya'ya da masu son 'ya'ya kaɗan amma a zuba musu kulawa da ilimi, kuma a zamanin Malthus iri na biyun ne suka riƙa samun rinjaye a hankali saboda 'ya'yansu sun fi samun abin hannu sun fi rayuwa, da suka yi yawa sai ƙirƙira ta ƙara sauri, ƙirƙira ta sa ilimi ya ƙara daraja, iyaye suka ƙara rage haihuwa, tarkon nan na Malthus mai mayar da mutane gidan jiya ya karye. Daga baya Galor da Marc Klemp suka duba rajistar coci ta Faransawan da suka zauna a Quebec ta ƙasar Kanada a ƙarni na 17 da na 18, suka ga cewa masu matsakaiciyar haihuwa sun fi masu yawan haihuwa samun jikoki da tattaɓa-kunne bayan wasu hawa. Wannan hujja ce mai nauyi a kan tankaɗen. Sai dai ka tuna Faransa ce ta fara rage haihuwa a Turai tun ƙarshen ƙarni na 18, Ingila ba ta bi sahu ba sai wajajen 1870 zuwa 1880, alhali Ingila ce ta riga kowa masana'antu. In jerin abubuwan bai zo yadda bayanin ya tsara ba, ka sa alamar tambaya a gefen takarda.

Yanzu mu koma ɓangaren da ni a ganina ya fi tsayawa da ƙafarsa, wato na kamfanoni da injuna. Tun 1898 Thorstein Veblen yake ƙorafin cewa ilimin tattalin arziki ya ƙi kallon abubuwa a matsayin masu sauyawa. A 1942 Joseph Schumpeter ya kawo maganar rusau mai gini, sabon abu ya zo ya kashe tsoho. A 1950 Armen Alchian ya ce ba sai masu kamfani sun san abin da suke yi ba, ko da kowa lalube yake a duhu kasuwa za ta zubar da masu asara ta bar masu riba. Sai Richard Nelson da Sidney Winter a 1982 suka ce abin da kamfani yake gada shi ne sabo, yadda aka saba ɗaukar ma'aikaci, yadda aka saba sa farashi, yadda aka saba gyara inji, kamfani ba ya sauya sabonsa sai wuya ta kai masa iya wuya, sannan ya fara neman sabuwar hanya ko ya leƙa na maƙwabci. Wannan layin tunanin bai tsaya a gefe ba, kyautar Nobel ta tattalin arziki ta 2025 Joel Mokyr da Philippe Aghion da Peter Howitt aka ba, kuma biyun ƙarshen a kan lissafin rusau mai ginin da suka fitar a 1992 aka ba su.

In kana so ka ga abubuwa ukun nan suna aiki a fili, je ka karanta labarin injin tururi a mahaƙar Cornwall da ke kudu maso yammacin Ingila. Ramukan kuza da tagulla sun yi zurfi ruwa yana cika su, dole a sa inji ya riƙa zuƙe ruwan dare da rana, ga shi yankin ba shi da kwal sai an yo jigilarsa ta teku, don haka kowane buhun kwal ciwo ne a aljihun mai rami. Injin Thomas Newcomen na 1712 mugun maci kwal ne. James Watt ya samu haƙƙin mallakar gyaran da ya yi a 1769, ya rage cin kwal sosai, amma ya riƙe haƙƙin gam har 1800 yana maka duk wanda ya taɓa a kotu. Bayan haƙƙin ya ƙare, a 1811 masu ramukan suka sa wani injiniya Joel Lean ya riƙa fitar da rahoto duk wata, a jera injunan yankin, kowanne a rubuta yawan ruwan da ya ɗaga da mudun kwal iri ɗaya, da sunan ramin da sunan injiniyan da ke kula da shi. Ka yi tunanin injiniyan da ya buɗe takardar ya ga sunansa a can ƙasa, kowa ma ya gani, gobe da sassafe zai tafi ramin da ya zo na ɗaya ya ga me suka yi wa tukunyarsu, wane irin lulluɓi suka yi wa bututun, nawa suka ƙara matsin tururin. Cikin kamar shekara 30 matsakaicin aikin injunan ya ninka fiye da sau biyu. Ga bambanci, injuna iri-iri. Ga tankaɗe, tsadar kwal da kunyar rahoto. Ga gado, kwaikwayo. Kuma hawa ɗaya a nan wata guda ne, ba shekara 25 ba, shi ya sa agogon ya yi daidai da saurin bunƙasar da ake so a bayyana.

Sai dai a nan ma akwai rami. Ka riƙa neman gawarwaki. Mai bayani yakan nuna maka waɗanda suka tsira ya ce ga sirrinsu, to waɗanda suka yi irin abin suka mutu fa? A farkon ƙarni na 20 kamfanonin ƙera mota a Amurka sun haura 200 a lokaci guda, ƙarshe uku ne suka mamaye kasuwar, in ba ka san abin da ya kashe sauran ba ba ka san abin da ya raya ukun ba. Kuma sabon da ya raya kamfani jiya shi ne zai iya kashe shi gobe, a cikin kamfanin kayan ɗaukar hoto na Kodak aka haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, amma duk ribarsu a fim take, a 2012 suka shigar da takardar karyewa.

Ɓangaren al'ada da sani kuwa, abin da za ka riƙa dubawa shi ne yawan kawuna da yadda suke haɗuwa. Michael Kremer a 1993 ya nuna cewa a tsawon tarihi inda mutane suka fi yawa nan ƙirƙira ta fi sauri, tunda dabara in mutum ɗaya ya gano kowa zai iya amfani da ita ba ta ƙarewa. Joseph Henrich ya kawo misalin Tasmaniya, tsibirin da teku ta raba da Ostareliya sama da shekara 10,000 da suka wuce, mutanen da suka rage 'yan dubbai ne, kuma a hankali wasu dabarun da kakanninsu suka iya kamar kayan aiki na ƙashi suka ɓace. Ba ƙwaƙwalwa ce ta ragu ba, masu koyarwa ne suka yi kaɗan, in gwani ya mutu kafin a gama ɗauka a wajensa shi kenan. Wasu masana sun ja da shi a kan fassarar, amma darasin cewa sani zai iya komawa baya yana nan. Jared Diamond shi kuma ƙasa da dabbobi ya kalla, ya ƙirga manyan dabbobin da ɗan Adam ya iya mayarwa na gida ya samu 14, 13 daga nahiyar Turai da Asiya da kewayensu, ɗaya tak daga Kudancin Amurka. Bayani ne mai kyau a kan wanda ya riga wani fara noma da kafa dauloli, amma ba zai gaya maka komai a kan bambancin Beljiyam da Bulgeriya, waɗanda duk a Turai suke, a yau ba, kowane bayani da iya tsawon igiyarsa.

Hanya mafi sauri ta gane na koya ne ko na gada ita ce ka duba ko ana iya sace abin. A 1789 wani saurayi ɗan shekara 21, Samuel Slater, ya fice daga Ingila a ɓoye saboda doka ta hana ƙwararrun masaƙa fita ta kuma hana fitar da zanen injuna, shi kuwa ya haddace tsarin injin kaɗi a kansa, ya isa Amurka ya haɗa shi a Rhode Island. Japan kuma daga 1871 zuwa 1873 ta kwashi manyan jami'an gwamnatinta ta tura su yawon Amurka da Turai kusan shekara biyu suna leƙa masana'antu da makarantu da kotuna suna rubutawa. Abin da ke cikin jini ba a haddace shi, ba a kuma rubuto shi a littafin rahoto.

Daga nan ka nemi tagwaye, wato mutane iri ɗaya da tarihi ya raba. Koriya ita ce babba, yare ɗaya tarihi ɗaya dangi ɗaya, aka raba su a 1945, kuma a lokacin ma mafi yawan manyan masana'antu a Arewa suke, yau abin da mutumin Kudu yake samu ya ninka na ɗan Arewa fiye da sau 20. Jamus ta Gabas da ta Yamma ma irin waɗannan tagwayen ne daga 1949 zuwa 1990. Daron Acemoglu da Simon Johnson da James Robinson, waɗanda suka samu Nobel a 2024, sun nuna cewa cikin wuraren da Turawa suka mallaka, waɗanda suka fi arziki a 1500 kamar Indiya ta Mughal da daulolin Aztek da Inka yanzu suna bayan wuraren da a da ba su kai su ba kamar Arewacin Amurka da Ostareliya. Amma don adalci ka san martanin da Louis Putterman da abokan aikinsa suka yi, sun ce ai mutanen Ostareliya na yau ba zuriyar na 1500 ba ne, in ka bi mutane maimakon ƙasa wannan juyewar arzikin takan ɓace. Gaskiya ne, sai dai ɗan ci-rani da jininsa yake tafiya, da kuma iliminsa da dokokinsa da jarinsa, duk a jaka ɗaya, wannan lissafin ba zai iya ware maka wanne ne ya yi aikin ba.

Ka yi taka-tsantsan sosai da zanen da ke nuna abu biyu suna tafiya tare. A 2013 Quamrul Ashraf da Galor suka fitar da wani bincike da ya tayar da ƙura, suka ce yawan bambancin ƙwayoyin halitta a cikin al'umma yana raguwa gwargwadon nisanta daga gabashin Afirka, masana sun yarda da wannan ɓangaren, sai suka ɗora cewa bambancin in ya yi yawa kamar a Habasha ko ya yi kaɗan kamar a Bolibiya yana rage arziki, matsakaici ne ya fi. Gungun masana ilimin ɗan Adam da na ƙwayoyin halitta, da yawansu daga Harvard, suka yi musu ca a shekarar. Ainihin bayanan jinin daga ƙabilu 53 aka samo, sauran ƙasashe hasashe aka yi musu da nisan tafiya, kuma nisan nan yana tafiya tare da yanayi da cututtuka da tarihin mamaya da abubuwa barkatai. Ƙasashen duniya ba su kai 200 ba, kuma maƙwabta suna kama da juna, don haka kusan duk abin da ya bambanta Turai da sauran wurare zai yi kamar shi ne sanadin arziki. Ka kuma ajiye wannan a ranka, tun 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin halittar ɗan Adam a cikin kowace al'umma yake, ba tsakanin al'ummomi ba. Dalilin da ya sa nake tsananta bincike a wannan ɓangaren shi ne an taɓa bin hanyar an ga inda ta kai, Herbert Spencer ya ƙirƙiro maganar wanda ya fi dacewa shi ke tsira a 1864, Francis Galton ya kawo aƙidar gyaran iri, wato zaɓen mutanen da suka cancanci haihuwa, a 1883, ƙarshe a Amurka kaɗai mutum sama da 60,000 aka yi wa aikin hana haihuwa dole da sunan kimiyya. Wannan ba ya nufin a hana bincike, yana nufin hujjar da za ka karɓa sai ta yi ƙwari.

Abu na ƙarshe da nake yi, ina tambayar mai bayanin me zai gani ya yarda cewa ya yi kuskure. In ƙasa ta yi arziki ya ce ai ta dace ne, in ka ce ta yaya ka san ta dace ya ce ai ga shi ta yi arziki, to zagaye kawai yake da kai. Kuma tsira ba shaidar fifiko ba ce, wani lokaci wanda ya riga zama ne kawai ya riƙe wurin. Ciro wayarka ka dubi jerin haruffan kibod, Q W E R T Y. An tsara shi ne a shekarun 1870 don tafireta mai sandunan ƙarfe, Paul David ya kawo shi a 1985 a matsayin misalin yadda farkon hanya ke ɗaure na baya, masu buga tafireta sun koya a kansa, kamfanoni suna sayen abin da ma'aikata suka iya, makarantu suna koyar da abin da kamfanoni suka saya. A 1990 wasu masana biyu, Stan Liebowitz da Stephen Margolis, suka ce an zuzuta abin, gwaje-gwajen da aka ce sun nuna wani tsarin ya fi shi sauri ba su da ƙwari. Har yanzu ana jayayya a kan ko shi ne ya fi ko ba shi ba ne, wayar da ke hannunka dai babu sandar ƙarfe ko ɗaya a cikinta, da babban yatsa ma kake latsawa, haruffan kuma suna nan inda aka ajiye su shekara 150 da suka wuce.